DAREN DA 'YAN MATAN FALCONS SUKA HANA GIDANMU BARCI

Na san yau wata za ta buɗe shafin nan ta taɓe baki ta ce, "Af! Mu da muke jiran hirar soyayya da gyaran gida, me kuma ya kawo mana ƙwallo?" Ki yi haƙuri ki biyo ni 'yar uwa, domin wannan ƙwallon da kike gani sai da ya kusa haɗa ni faɗa da Yayana uwa ɗaya uba ɗaya.

Ranar Asabar ce, 26 ga Yuli 2025, na je Kaduna gidan Yaya in kwana biyu. Ina ajiye jaka 'yarsa ta biyo ni ɗaki, yarinya 'yar shekara 14, doguwa siririya kamar kara, ta mayar da ƙofa ta rufe, ta ce, "Gwaggo, don girman Allah ki sa baki." Ashe malamar wasanni ta makarantarsu ce ta zaɓe ta cikin ƙungiyar ƙwallon 'yan mata, ta ba ta takarda ta kawo gida uba ya sa hannu. Takardar nan sati uku tana kan talabijin an danne ta da kwalbar turare, Yaya ya ce ko kallonta ba zai yi ba. Uwarta ta yi magana sau ɗaya aka ce ta kama kanta, ta kama.

Na ce to bari dai mu gani. Allah cikin ikonSa kuma a daren ne Super Falcons, ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta mata ta Nijeriya, za su buga wasan ƙarshe na cin kofin Afirka da Maroko a birnin Rabat. Bayan sallar isha'i aka tayar da janareta don an ɗauke wuta tun la'asar, muka zauna a falo. Yaya ya kishingiɗa yana danna waya wai shi ba kallo yake ba. Kafin a cika minti 25 Maroko ta zura mana biyu. Sai ya ɗago ya dubi 'yarsa ya ce, "To ga gwanayen naki nan." Yarinya ta sunkuyar da kai, ni kuwa gabana sai faɗuwa yake.

Bari in bar ku a nan tukuna in koma baya, don wadda ba ta san su wane ne 'yan matan nan ba ba za ta gane dalilin da ya sa ban fid da rai ba.

Sunan nasu daga wani tsuntsu aka samo shi dangin shaho, kamar yadda ake kiran mazan Super Eagles. A 1991 suka fara buga wasa da wata ƙasa, lokacin da hukumar ƙwallo ta duniya, FIFA, ta shirya gasar cin kofin duniya ta mata ta farko a ƙasar Sin, aka ce Afirka ta kawo ƙasa ɗaya tal. Wasansu na farko da Ghana ne a Legas, suka ci 5-1, suka bi sauran suka kakkaɓe, suka tafi Sin da sunan Afirka baki ɗaya. Can kuwa suka gane shayi ruwa ne. Jamus ta ba su 4, Italiya 1, Taiwan 2, suka dawo gida ko ƙwallo ɗaya ba su jefa a raga ba. Cikin waɗanda suka yi wannan tafiya akwai Chioma Ajunwa, wadda daga baya ta koma tsalle, ta ciyo wa Nijeriya lambar zinare a gasar Olamfik ta Atlanta a 1996. Kun ga ke nan ba ragwaye aka tura ba, horo da kayan aiki ne babu.

A 1995 suka sake zuwa, a Suwidin, Norway ta yi musu 8 da nema. Wallahi da wasu ne da sun rataye takalma. Amma a wasa na gaba suka yi 3-3 da Kanada, Rita Nwadike ta ci musu ƙwallonsu ta farko a gasar duniya, Ingila kuma da ƙyar ta sha da 3-2.

Ni nawa sanin da su ya fara ne a 1998, ina aji uku na ƙaramar sakandare. A shekarar aka fara tara ƙasashen Afirka wuri ɗaya don gasar mata, Nijeriya ce ta karɓi baƙunci, aka raba wasannin tsakanin Kaduna da Abeokuta. To wa kuke tsammani ya kai ni filin wasa na Ahmadu Bello? Wannan Yayan dai da ya danne takarda da kwalbar turare! Shi ya ce wa Innarmu zai raka ni gidan ƙawata karɓo littafi, muka hau bas muka sulale. Ban taɓa ganin mace ta tare ƙwallo da ƙirji ta juya ta ɗirka ta a raga ba sai ranar. Na yi ihu har muryata ta dishe, kuma muryar ce ta tona mana asiri da muka koma gida. Yaya ya sha bulala a hannun Babanmu, Allah Ya jiƙansa, ni kuma aka hana ni fita ko ƙofar gida har sati biyu. A wannan gasa Falcons sun ci ƙwallo 28, ba a ci su ko ɗaya ba, suka doke Ghana 2-0 a wasan ƙarshe. Maroko ɗin nan da take ba mu wahala yanzu, 8-0 suka yi mata a lokacin.

Sai 1999 a Amurka, shekarar da har gobe tsofaffin masoyan ƙungiyar suke ba da labarinta. Mai horar da su namu ne ɗan Jos, marigayi Isma'ila Mabo, tsohon ɗan wasan Mighty Jets, wanda ya rasu a 2023. Suka doke Koriya ta Arewa 2-1. Suka gamu da masu masauki a Chicago, minti 2 da farawa Nkiru Okosieme ta ci Amurka, filin ya yi tsit, amma kamar sun tsokano tsuliyar dodo, aka tashi 7-1. Ba su karaya ba suka doke Denmark 2-0, suka shiga sahun ƙasashe takwas na ƙarshe, abin da wata ƙasar Afirka ba ta taɓa yi ba a ƙwallon mata.

Wasan da Brazil shi ne abin faɗi. Cikin tsakar dare aka buga shi a agogonmu, mu sai da safe muka ji a rediyo. An tafi hutun rabin lokaci Brazil na da 3, mu ba mu da ko ɗaya. Kowa ya ce an gama. Da aka dawo Prisca Emeafu ta farke ɗaya, Okosieme ta ƙara, Nkechi Egbe ta cike ta uku ana daf da tashi. A lokacin akwai wata doka, in an shiga ƙarin lokaci duk wanda ya fara ci shi ke nan wasa ya ƙare nan take. Wata gwanar Brazil mai suna Sissi ta yi bugun tazara ta saka a raga, aka tashi 4-3. Na tuna ranar ko karin kumallo ban iya yi ba, Innarmu tana ta faɗa wai na ɗora wa kaina abin da ba a aike ni ba. Tauraruwar wannan zamani ita ce Mercy Akide, ita ce kuma ta fara karɓar kyautar gwarzuwar 'yar ƙwallon Afirka a 2001.

A nan gida Afirka kuwa kofi ya zama kamar kayan gadonsu. Sun ɗauka a 1998, 2000, 2002, 2004 da 2006 a jere. Na 2000 ba a ma ƙarasa wasan ƙarshe ba, don suna cin Afirka ta Kudu 2-0 'yan kallo suka hau jifa aka tashi wasa. Na 2004 kuwa Perpetua Nkwocha ita kaɗai ta zura wa Kamaru 4 cikin 5 da aka ci a wasan ƙarshe. Wannan baiwar Allah sau 4 tana zama gwarzuwar Afirka, kuma ni a wurina ba a yi mai sanyin kai a gaban raga kamarta ba, ko da yake 'yan yanzu za su ce Asisat Oshoala, wadda ta karɓi kyautar sau 6. Ba zan yi musu da ku ba, kowa da gwaninsa.

Kada ku ɗauka kullum daɗi ne. Ƙaramar ƙasar nan Equatorial Guinea ta ƙwace kofin a 2008 da 2012. Falcons suka karɓo a 2010 a ƙarƙashin Eucharia Uche, mace kuma tsohuwar 'yar wasansu, suka sake ɗauka a 2014, sai 2016 da suka je har Yaounde suka ci Kamaru 1-0 a gaban mutanenta, Desire Oparanozie ta ci ƙwallon. Mai horar da su a lokacin Florence Omagbemi ce, wadda ta daɗe tana kyaftin ɗinsu ta kuma buga gasar duniya 4. A 2018 a Ghana sai da aka kai ga bugun fanareti kafin su rabu da Afirka ta Kudu. In kun ji wani ya ce kofinsu 12 ne wani ya ce 10, duk ba ƙarya suke ba, mai cewa 12 ya haɗa da na 1991 da 1995 ne, lokacin da ake zuwa gida da waje don neman gurbin gasar duniya.

Yanzu ga inda raina yake ɓaci, kuma dole in faɗa muku don kada wata ta ɗauka harkar duk hoto ce da shiga jirgi. A 2004 bayan sun ci kofi, 'yan matan nan ƙin fita suka yi daga otal ɗinsu a Afirka ta Kudu sai an biya su haƙƙinsu. A 2016 haka suka zauna a otal a Abuja kusan sati biyu, ƙarshe suka ɗauki kwalaye suka yi tattaki zuwa Majalisar Tarayya, su da suka ciyo wa ƙasa kofi! A 2019 a Faransa ma sai da aka sake yin zaman otal. Ku duba fa, mace ta bar iyayenta, ta yi gudu a rana, ta karye ta warke, ta ɗaga tutar ƙasa, sannan sai ta yi zaman dirshan kafin a ba ta guminta. Abin da za ki ɗauka a nan ƙanwata, ko wace sana'a kika shiga ki san abin da aka yi alkawari tun farko, a rubuce, kuma kada ki yar da karatunki don ƙwallo, domin ƙafa tana da ranar gajiya. Michelle Alozie da kuke gani tana tsaron baya ta yi digiri a jami'ar Yale a Amurka, har aikin binciken cutar daji ta yara ta yi a wani asibiti tana kuma buga ƙwallonta.

A gasar duniya kuma gaskiya ɗaya ce, suna da zuwa amma ba su da nisa. Daga 1991 zuwa 2023 an yi gasa 9, babu wadda ba su je ba, kuma ƙasashe ƙalilan ne a duniya za su bugi ƙirji su faɗi haka. Onome Ebi ita kaɗai ta je 6. Amma sau 3 kawai suka wuce zagayen farko, 1999, 2019 da 2023, kuma ba su taɓa wuce inda su Mercy Akide suka kai ba. A 2003 ma ko ƙwallo ɗaya ba su ci ba. Olamfik sun je a 2000, 2004, 2008 da 2024, mafi kyau shi ne na 2004 da suka doke Japan 1-0 kafin Jamus ta fitar da su.

Na 2023 a Ostareliya shi ya dawo wa mutane da yawa da sha'awarsu. Mai tsaron gida Chiamaka Nnadozie ta kaɗe fanaretin Christine Sinclair ta Kanada, matar da ta fi kowa cin ƙwallo a wasannin ƙasa da ƙasa, aka tashi canjaras. Suka doke masu masauki 3-2 a Brisbane, Uchenna Kanu, Osinachi Ohale da Asisat suka ci. Suka riƙe Ingila minti 120 ba ci, har aka ba Lauren James jan kati don ta taka Alozie tana kwance. A bugun fanareti ne aka fitar da su 4-2. Da hantsi muka kalli wannan wasa, tuwon rana bai dahu da wuri ba a gidaje da yawa.

A wasan Ostareliya ɗin ne Asisat ta tuɓe rigarta don murna, kuma wannan hoton shi ne babbar hujjar Yaya. Duk lokacin da aka tayar da maganar sai ya ce, "Haka kike so in ga 'yata a talabijin?" Ni ban ga laifinsa ba a nan, ko ita Asisat ɗin, wadda Musulma ce 'yar Ikorodu, da kanta ta faɗa cewa mahaifinta bai ji daɗin abin ba. Tun tana ƙarama ma iyayenta ba su so ta yi ƙwallo ba. Damuwar iyayenmu ba ta wuce uku, sutura, cuɗanya da maza, da kuma tafiye-tafiye, sai ta huɗun da ba a cika faɗa a fili ba, wato wa zai auri 'yar ƙwallo. Shi ya sa in kin duba jerin sunayen ƙungiyar tun 1991 za ki ga 'yan kudu ne suka cika ta, daga ƙungiyoyi irin su Pelican Stars ta Kalaba, Rivers Angels, Delta Queens da Bayelsa Queens. Mu a nan sama sai Nasarawa Amazons ta Lafiya da Adamawa Queens ake jin ɗuriyarsu. Amma fa ba a rasa namu ba, Halimatu Ayinde mai buga tsakiya haifaffiyar Kaduna ce, kuma ta daɗe tana cikin waɗanda ake ji da su.

Maganar sutura kuwa an wuce wurin. Tun 2014 aka halatta buga wasa da ɗankwali ko hijabi a dokar ƙwallo ta duniya, kuma a 2023 Nouhaila Benzina ta Maroko ta buga gasar duniya da hijabinta da dogon wando, ba wanda ya hana ta. Wannan na faɗa wa Yaya a lokacin hutun rabin lokaci, ya ce in bar shi ya ji da abu ɗaya.

To mu koma falo. Abin da ya ƙara wa wasan zafi shi ne a 2022 Maroko ɗin ce ta fitar da mu a wasan kusa da na ƙarshe, a Rabat ɗin dai, bayan an kori Halimatu da Rasheedat Ajibade muka ƙarasa da mutum 9, Afirka ta Kudu ta ɗauke kofin. Ga shi yanzu an sake 2-0. Yarinya ta tashi za ta shige ɗaki, na riƙo hannunta na ce, "Zauna, ni na san abin da aka yi da Brazil."

Minti na 64 aka ba mu fanareti, Esther Okoronkwo ta buga ta ci. Yaya ya ajiye waya. Minti na 71 Esther ɗin ta kutsa ta miƙa wa Folashade Ijamilusi, ta farke. Yaya ya tashi zaune. Can sai alƙaliyar wasa ta ba Maroko fanareti, wai hannu, na ji cikina ya ɗuri ruwa, uwar yarinya tana ta salati daga bakin ƙofar kicin. Aka kira ta ta je ta duba na'ura, ta dawo ta soke. Jama'a, a nan ne na ji wani ƙato ya daka tsalle yana cewa, "Ai dama ba hannu ba ne! Zalunci za a yi mana!" Na waiga, Yaya ne tsaye da hula a hannu. Saura minti 2 a cika 90 Esther ta ɗaga bugun tazara, Jennifer Echegini ta sa ƙafa, ƙwallo ta faɗa raga. 3-2! Unguwa ta ɗauki ihu, yara suka fito titi cikin yayyafi, maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga tana tambayar ko lafiya. Kofi na 10 ke nan, a hannun koci Justin Madugu, aka zaɓi kyaftin Rasheedat Ajibade gwarzuwar gasar, Nnadozie kuma gwanar masu tsaron gida. Da suka dawo Abuja Shugaba Tinubu ya ba su lambar girma ta ƙasa, ya kuma yi wa kowace 'yar wasa alkawarin gida da kuɗi kimanin dala 100,000.

Da hayaniya ta lafa na ga dama ta samu, na matsa kusa na ce, "Yaya, ka tuna bulalar 1998?" Ya harare ni ya ce, "Ke dai ba kya mantuwa." Na ce, "Ai ranar kai ka biya mini kuɗin bas." Ya yi shiru, can ya ce lokacin yaro ne shi, yanzu kuwa uba ne, kuma ba ni za a zaga a gari ba in wani abu ya faru. Na ce gaskiya ne. Na ce amma makarantar mata ce zalla, malamar mace ce, filin yana cikin katanga, kuma ba wanda ya ce gobe za a sa ta a jirgi. Ya ce a kashe janareta mai yana ƙonewa. Muka kwanta ba a sa hannu ba, yarinya ta yi ta juyi a gefena har wajen ƙarfe biyu.

Da ya dawo daga sallar asuba sai na ji yana tambayar uwarta ina biro. Ya kira yarinyar ta durƙusa, ya gindaya mata sharuɗɗa, dogon wando da riga mai dogon hannu da ƙaramin hijabi, ba zuwa wani gari ko da malamai ne, ba fashin Islamiyya, kuma ranar da ya ga ta sauka daga matsayinta a jarrabawa ranar zai sa takalman a shara. Ta ce, "Na yarda Baba." Ya sa hannu ya miƙa mata ba tare da ya dube ta ba, sannan ya juyo gare ni ya ce tunda ni na ɗaure mata gindi, kuɗin takalmin a jakata zai fito. Da hantsi muka shiga Kasuwar Barci ni da ita, muka zagaya rumfunan 'yan gwanjo har muka samu lamba 39, ƙafar hagu ta ɗan sha jiki, mai rumfa ya rage mana.